Shi Ya Gyaɗa Kai

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Mun fito. Ina rubuta wannan a bakin wani gidan mai, Orval mijina yana can bayan tirela yana duba ƙafafun dawaki kamar tun safe bai duba ba. Jibi Laraba ne mutumin da Boyd ya yi magana da shi zai zo gona ya ɗauki dawakinmu, Toka da Barkono. Ya zo mana. Zai tarar da barga wayam, sai awaki, in yana so ya kwashe su ma na yafe masa.

Boyd ɗana ne, shi kaɗai gare ni, kuma ba zan ce ba ya ƙaunarmu ba. Amma da muka mai da gonar sunansa shekarun baya don kada a sha wahala bayan ranmu, ban taɓa kawowa a raina wata rana zai tsaya a tsakiyar kicin ɗina da takalman ofis ya ce ubansa ya gama hawan doki ba. Orval yana ta juya cokali. Ni na yi magana, kuma na yi ta da kyau, har kare ya tashi ya fita waje.

Sama da shekara arba'in muna kamun ɗan sa tare da mijina, shi ya zarge ƙaho, ni in zarge ƙafafun baya. Ƙarshen watan nan akwai rodiyon garin Tillman, gasar makiyaya a kan dawaki, sunanmu kuma yana cikin rukunin tsofaffi. Za mu shiga. Mai magana ya same mu a can.

Ni ke tuƙi. Ina son tuƙi, shi ke nan.

Talata, 8 ga Yuli, da yamma

Mun yi zango a kan duwatsun Bighorn, bakin wani rafi. Dawaki sun sha ruwa sun yi birgima. Ni na kafa tanti, don Orval ya ce zai tara itace.

Ya tsaya yana kallona ina buga turaku, ya ce, "Tsohuwa, wannan tantin tun zamanin da kike da ƙugu muke fama da shi."

Na ce, "Ƙugun yana nan, idonka ne ya tsufa."

Wake da soyayyen nama muka ci. Kofi ya zube masa a wando, sau biyu. Kofunan yanzu ba su da mariƙi na kirki, da ma na daɗe ina faɗa. Na sayo mai murfi a gidan mai jiya, na ba shi, ya karɓa bai dube ni ba.

Laraba, 9 ga Yuli, tsakar rana

Muna saukowa daga dutse waya ta kama, kiran Boyd ya shigo. Na tsaya a gefen hanya na ɗauka, don ni ba gudu nake yi ba.

"Mama, kuna ina?"

"Muna inda muke."

"Mutumin nan tun asuba ya kamo hanya. Ga shi tsaye a gaban barga yana kallona."

"Ka ba shi akuya ɗaya ya huce."

"Mama, ba wasa nake ba. Kin ji abin da likita ta ce, a gabanki ta faɗa."

"Na ji wata yarinya da ba ta taɓa ɗaura sirdi ba tana magana."

Can ya ce, "Yana dai shan maganin?" Na ce ba na jin sa sosai, na kashe. Yana sha. Ba sai an tsare ni da tambaya ba.

Tunda na ambaci awaki, bari in rubuta yadda aka yi, don Boyd ya mai da shi wani babban labari. A watan Afrilu muka je gwanjon shanu, kallo kawai ya kai mu. A wurin gwanjo baƙo ne ke ɗaga hannu, namu mutanen kai suke ɗan gyaɗawa, mai gwanjo ya gani. Aka shigo da wani garken awaki, mai gwanjo yana ta zuba yana duban Orval, kafin in ankara ya buga guduma ya ce na Orval Haskett ne. Mutumin da tun tasowarsa yake cewa akuya ba dabba ba ce. Duk rumfar ta juyo tana kallonmu. Orval ya miƙe ya gyara hula ya ce da ma ciyawar bayan barga ta yi masa yawa, yana neman masu cinye ta. Kuma gaskiya ne, ciyawar ta yi yawa. Muna son awakinmu.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Tillman. Mun bar dawaki a garken Arlo. Arlo abokin Orval ne tun suna samari, kuma shi ke riƙe da ƙyauren 'yan shanu a rodiyon garin nan tun ban yi furfura ba. Matarsa Opal ta rasu bara, gidan duk ya koma warin taba da man sirdi. Ya soya mana ƙwai, suka yi ta tsiya shi da Orval a kan wani doki da ya mutu tun kafin a haifi Boyd.

Da Orval ya fita ba Toka hatsi, Arlo ya biyo ni wurin wanke-wanke yana murza hula a hannu.

"Lorna, bana ma ni ne a ƙyaure. Kin san dai yadda aikin yake, sai na ga..."

"Ina sabulunka?"

"Ina nufin, in ya shiga lungu..."

"Arlo, mutum ya zauna a gida babu sabulu? Ashe da Opal ta tafi har da tsabta ta tafi."

Ya nuna min sabulun.

Jumma'a, 11 ga Yuli, faɗuwar rana

Mun shiga gandun dajin Yellowstone. Shekara da shekaru muna wuce ƙofar gandun nan da tirela, ba mu taɓa leƙawa ba, kullum akwai ɗan san da ke jiranmu a wani gari. Yau mun shiga kamar baƙi, har da taswira. Abin da ya fi burge ni a wurin nan shi ne waya ba ta kamawa.

Ɓauna suka tare hanya, motoci suka yi layi, kowa ya fito da hannu yana ɗaukar hoto. Orval ya daɗe yana duban garken, irin duban da yake wa shanun maƙwabta.

"Wancan bijimin ƙafarsa ta hagu ta baya ba lafiya. Ba wanda zai duba shi?"

"Gandun gwamnati ne, tsoho. A nan ba a duba kowa, ana barinsa ya yi tafiyarsa."

"Shi ya sa kika kawo ni ke nan."

Na ce ya rufe gilashi ƙuda na shigowa.

Lahadi, 13 ga Yuli, da safe

Sanyi. Fanke da zuma. Ya cinye nasa ya ɗauki rabin nawa. Wanda ba shi da lafiya ba ya cin abinci haka.

Litinin, 14 ga Yuli, da yamma

Mun je kallon ruwan zafin nan da ke tsiri sama. Muka zauna a benci cikin ɗaruruwan mutane muna jira, ya taso, aka yi tafi, ya koma. Orval ya ce famfon gonarmu ma ya taɓa yin haka shekarar da Boyd ya taka bututu da tarakta, ba wanda ya tafa masa.

Da muka dawo zango ya ciro igiyarsa. Akwai wani kututture a bayan tantinmu mai reshe biyu a tsaye, ya ja baya ya fara juya zarge a saman kansa. Na ajiye dankalin da nake ferewa. Igiyar ta tafi ta sauka a kan rassan nan daidai, ya fizge ta kama. Ya sake, ta kama. Ya yi ta yi har iyalan tantin kusa suka taru, wani mutumin Ohio ya tambaye shi ko ma'aikacin gandun ne da aka ɗauka don nishaɗin baƙi.

In igiya tana hannunsa hannun ba ya yin komai sai abin da aka sa shi. Da ma likitar nan tana wurin. Da ma Boyd yana wurin, da takalmansa.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru a kan gadar katako ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da hantsi

Matar nan mai jar hula da ta ce a kira ma'aikata su kawo keken marasa lafiya, ina fata ruwa ya shiga tantinta. Wa ya tambaye ta? Ƙafafunsa ne kawai suka tsaya, kamar yadda doki kan toge a bakin rafi. Gadar ce ƙunci gare ta, ga tururi ta ko'ina, ga ruwa yana tafasa hagu da dama, ga mutane sun taru a bayanmu suna cewa a yi haƙuri a ba su hanya. Kowa ma ƙafarsa za ta iya tsayawa.

Na matsa kusa da shi na taɓa shi da gwiwa, na ƙyasta harshe irin yadda nake wa Barkono in ta ƙi shiga tirela. Ya ɗaga ƙafa. Muka taka har mota, hannuna a bayan ɗamararsa. Da muka zauna ya ce, "Saura ki sa min linzami." Muka yi dariya, dariyar ta yi tsawo fiye da yadda ya kamata, sai na kunna rediyo.

To ga shi na rubuta. Ba wani abu ba ne.

Asabar, 19 ga Yuli, tsakar rana

Ruwan sama tun safe. Muna kwance cikin tanti muna karta. Ni ke raba katin, don ya ce ina da hannun sa'a.

Litinin, 21 ga Yuli, faɗuwar rana

Kamun kifi. Ni na ɗaura masa ƙugiya, idona ya fi nasa gani. Ya kama biyu, na kama ɗaya, ya ce nawa jariri ne in mai da shi wurin uwarsa.

Ina suya yana zaune a kan akwatin kayan abinci, can ya ce, "Lorna." In ya kira ni da sunana ba tsohuwa ba, na san akwai magana.

"Bayan Tillman, ina ganin..."

"Bayan Tillman akwai rodiyon Agusta, na riga na duba hanya."

"Ba shi nake nufi ba. Ki tsaya ki ji."

"Kifi zai ƙone. Miƙo min gishiri."

Ya miƙo. Gishirin ya ɗan zube a ƙasa, na taka wurin da takalmi. Ba na son jin wata magana da ta fara da bayan Tillman, ko daga bakin wa. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushin tsoron.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Mun fito daga gandu. Waya ta kama, ta yi ta kuka kamar an taka ta. Duk Boyd ne. Na kife ta a cikin akwatin mota.

Alhamis, 24 ga Yuli, da yamma

Mun kafa tanti a bayan filin rodiyon Tillman, cikin tireloli da hayaƙin gashi. Toka ya yi ƙiba a hannun Arlo. Mun zagaya fili da safe don dawaki su saki jiki. Orval ya hau da kansa, daga kan bokiti, kamar yadda rabin tsofaffin nan suke yi. A kan sirdi ba wanda zai ba shi shekarunsa.

Matan da muka saba haɗuwa da su duk shekara suna ta zuwa gaishe ni da wata irin murya mai laushi, suna riƙe min hannu. Ɗaya ta ce suna sa mu a addu'a. Na ce ta sa mijinta, shi da bai kama ƙaho ba tun shekarar fari.

Kamu biyu ne, gobe ɗaya, jibi ɗaya.

Jumma'a, 25 ga Yuli, da yamma

Arlo ya tsufa. Ya kamata a karɓe ƙarfen buɗe ƙyauren nan daga hannunsa.

Doka ɗaya ce tun da aka fara wasan nan. Ɗan sa yana cikin akurkin ƙarfe, mai ƙaho a lungun hagu, mai ƙafa a lungun dama, kuma ba a buɗe ƙyaure sai mai ƙaho ya gyaɗa kai. Arlo ya san wannan fiye da sunansa. Orval bai gama ja da Toka baya ba, igiya ko ƙarƙashin hammata bai sa ba, idonsa yana kan linzami, sai ƙarfe ya yi ƙara ɗan sa ya fice.

Da ya ja linzami ya tsaya, da an ba mu wani. Ban gyaɗa ba kawai zai ce. Bai tsaya ba. Ya saki Toka ya bi ɗan san da ya riga ya kai tsakiyar fili, ya jefa daga nesa, igiya ta faɗi a turɓaya. Mai lasifika ya ce a tafa wa Orval da Lorna Haskett, aka yi irin tafin da ake wa yara.

Alƙalin wasa ya zo a kan dokinsa, tuta a hannu, ya sassauta murya.

"Orval, in ba ka ba da izini ba ka faɗa, a kawo muku wani."

"Na gyaɗa."

"Ka tabbata? Ni daga inda nake..."

"Kaina ne ko naka?"

Alƙali ya dube ni, na dubi kunnen Barkono. Ya juya dokinsa.

Na sami Arlo a bayan akurki na wanke shi tas a gaban yaran da ke kora shanu. Na ce shekara nawa yana riƙe da ƙarfen nan, yau ya rasa wanda zai kunyata sai abokinsa. Na faɗi wasu abubuwan ma. Ya cire hula ya tsaya har na gama, sannan ya ce, "Lorna, abin da na gani na bi." Idonsa ya yi ja. Ya yi ja mana.

Orval bai ci abinci ba. Yana can yana goge Toka, dokin da ko gumi bai yi ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da sassafe

Barkono ta riga Toka fita jiya.

Ba ita ta fita da kanta ba, goɗiyar nan ba ta motsi sai an ce mata. Ni na sa mata ƙaimi. Na ga bakin hularsa ya yi ƙasa ta gefen idona, na sake ta, tun kafin ƙarfen Arlo ya yi ƙara. Shekara arba'in da wani abu ina kwana ina tashi da mutumin nan, ni ma abin da na gani na bi.

Asabar, da hantsi

Boyd ya zo. Ina dafa kofi na ga takalman, na gane su tun kafin in ɗaga kai. Ashe tun jiya yana garin, yana can saman benci cikin 'yan kallo. Ya rame. Ban gaya masa ba.

"Na zo in mai da ku gida, Mama."

"Sai an tashi wasa."

"Jiya da Toka ya yi tuntuɓe a gujen nan, da yanzu wani zance ake."

"Bai yi ba."

Orval ya fito daga tanti yana sa ɗamara, ya daɗe yana neman ramin. Ya ce, "Yaro, ka karya kuwa?" Boyd ya ce ya karya. Ya ce, "Ka ga na jiya?"

"Na gani, Baba. Ba ka gyaɗa ba."

Ba wanda ya taɓa faɗa masa haka a fuska, har ni. Na ɗauka zai tashi da faɗa. Sai ya zauna a kan bokiti ya ce, "Daga can sama ka gane?"

"Daga ko'ina zan gane. In za ka yi abu da niyya, kanka yakan tsaya cak tukuna, ɗan kaɗan, sannan ka yi. Haka kake in za ka ɗauki cokali, haka in za ka sa hannu a takarda. Jiya bai tsaya ba."

Na ce, "Ji likita. Yaushe ka zauna da shi har ka san wannan?"

Ya juyo. Ban taɓa jin ya yi min magana da wannan muryar ba. "Mama, ni ina kallonsa. Ke tun hunturu ba ki kalli fuskarsa ba. Hularsa kike kallo, ko takalminsa, ko bayan kansa. In ya shigo ɗaki sai ki sami abin gogewa."

Na ce kofi ya tafasa. Ya tafasa ɗin kuwa, har ya kashe wutar.

Orval ya ce, "To je ka gaya wa Arlo yau kai za ka riƙe ƙyaure."

"Ban yi tafiyar nan don in taya ka karya wuya ba, Baba."

"Da kai da babu kai zan shiga lungun nan. Ko in fita a shirye, ko in fita irin na jiya. Ka zaɓa min."

Boyd ya tsaya yana duban ubansa, sannan ya juya ya bi tsakanin tireloli ya tafi. Ban san inda ya nufa ba. Zan ɗaura sirdi.

Asabar, faɗuwar rana

An tashi wasa, bari in rubuta.

Da aka kira sunanmu muka shiga lungu, Arlo yana zaune a kan shinge, hannu a aljihu. Boyd ne a ƙyaure, ya naɗe hannun farar rigarsa, takalman ofis sun nutse cikin kashin shanu har idon sawu. Bai dube ni ba. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, idonsa a kan ubansa.

Orval ya ja Toka baya har ya jingina da kusurwa. Ya gyara igiya. Muka tsaya. Mai lasifika ya ce da alama Orval yana jiran ɗan san ya girma ne, aka yi dariya. Muka ci gaba da tsayuwa. Dariyar ta mutu, mai lasifika ma ya yi shiru, har ina jin tutoci suna kaɗawa. Wani daga baya ya ce a buɗe mana, ai ya gyaɗa tun ɗazu. Boyd ko gezau. Barkono ta fara taka rawa a ƙarƙashina, na danne ta, raina yana ce min yaron nan so yake a kore mu daga lungu a ce lokaci ya ƙare.

Sai na juya na kalli Orval. Ba hular ba, shi.

Yana rawa. Kansa yana rawa, sama da ƙasa, sama da ƙasa, haɓarsa ma tana yi, kuma ya rame a wuya, kuma ya gaji. Ban san ya gaji haka ba. Idonsa kuwa yana kan ƙahon ɗan san nan kamar ranar da na fara ganinsa. Na ci gaba da kallo.

Sai ya tsaya. Cak, yadda Boyd ya faɗa. Ya gyaɗa sau ɗaya.

Ƙarfe ya yi ƙara, muka fita tare. Juyi biyu ya yi ya jefa, zarge ya zauna a ƙaho, ya naɗe igiya a gaban sirdi ya karkata Toka hagu, ya kawo min ƙafafun nan a gabana kamar a faranti. Ni kuwa, ni da na cika duniya da baki mako uku, ƙafa ɗaya na kama. Idona ya cika da ruwa, ban ga ta biyun ba. Aka ƙara mana tarar daƙiƙa biyar, muka zo can kusa da ƙarshe. Mutane suka miƙe tsaye, wannan karon tafin na gaske ne. Orval ya zo wucewa ta kusa da ni yana naɗe igiya ya ce, "Ƙafa ɗaya, tsohuwa? Dabbar huɗu gare ta."

A bayan fili ya sauka da kansa. Ya kwance majayi, ya sauke sirdi, abin ya ɗauke shi lokaci, ni da Boyd muna tsaye ba wanda ya kai hannu. Da ya ajiye sirdin ya dafa wuyan Toka ya ce, "Lorna, na sauka."

"Na ga ka sauka. Na Agusta fa..."

"Ba na Agusta. Abin da nake ta son gaya miki ke nan tun a bakin rafi, kika ce kifi zai ƙone. Ba likita ce ta sauke ni ba, ba kuma yaron nan ba. So nake a ce ni na ce a buɗe, ni kuma na ce ya isa." Ya miƙa wa Boyd linzami. "Kira mutuminka."

Boyd ya riƙe linzamin, hancinsa ya yi ja kamar yana ɗan shekara shida. Ni na fizge daga hannunsa.

Na ce, "Ba mai kiran kowa. Hawa naka ne, ka bari in ka ga dama. Doki na gida ne. Ya ci ciyawa a banza har ya mutu, da shi da awakin."

Orval ya dubi Boyd ya ce, "Ka ji uwarka."

Ban yarda da saukar nan ba. Na rubuta a nan don a sani.

Lahadi, 27 ga Yuli, tsakar rana

Na kai wa Arlo sauran zumarmu da sabulu guda uku. Na ce shekaranjiya bakina ya yi tsawo. Ya ce ai ba yau ya fara ba, Opal ma tsoronsa take.

Boyd ke tuƙi, ya bar motarsa a gidan Arlo zai dawo ya ɗauka. Dawaki biyu suna bayanmu, ina jin takunsu in an sha kwana. Bai kira mutumin ba, ni ma ban tambaya ba. Ina zaune a kujerar baya, rubutun duk ya karkace.

Ɗazu Orval ya waiwayo ya kama ni.

"Me kike kallo, tsohuwa?"

"Mijina."

"Yana rawa?"

Na ce, "Yana yi."

Ya ce, "To." Ya ɗan jima yana dubana, ni ma ban sauke ido ba. Sannan ya juya ya ce wa Boyd ya taka motar nan, ba ƙwai muka ɗauko ba.